Ruwa Cike da Hanya, Albasa na Mutuwa da Ƙishi

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi, wanda ya yi shekaru yana noman albasa. Kullum da ƙafa yake zuwa lambunsa, da ƙafa yake komowa, fartanya a kafaɗa. Da wannan albasa ya ciyar da gidansa, ya kuma sa ɗansa Habila a makaranta.

Habila ya girma, Allah ya buɗa masa a kasuwanci. Sai ya zo wurin mahaifinsa ya ce, “Baba, wahalarka ta ƙare. Ina raye ba za ka ƙara riƙe fartanya ba.” Ya ɗauki ma'aikata ya zuba a lambun, ya sayo wa tsohon kujera mai laushi ya ajiye a gindin mangwaro. Ko majami'a da ke nan kusa, a kan babur yake kai shi. Mutanen gari suka yi ta sa wa Habila albarka. Tsohon kuwa, gaskiya, kujerar ta yi masa daɗi. Ya ci tuwo ya jingina, ya sha kunu ya gyangyaɗa, har tumbi ya fara riga shi shiga ɗaki.

Ana nan sai ƙishirwa ta dame shi, fitsari ya hana shi sakat, tafin ƙafarsa ya riƙa yi masa kamar kiyashi na yawo a ciki. Aka kai shi asibiti. Malamar asibiti ta gwada jininsa ta ce, “Baba, ciwon sukari ne. Ga magani, ka kuma rage tuwo. Amma sai ka riƙa tafiya, musamman bayan cin abinci. Sukarin ya taru a jininka ya rasa inda zai shiga. Jiki in yana motsi, shanye shi yake yi. In ka ci gaba da zama, ina jin tsoron wata rana ƙafar nan a yanke ta.”

Tsohon ya tsorata ƙwarai. Amma da suka fito, Habila ya ce, “Magani kam za mu saya, komai tsadarsa. Tafiya ce ban yarda ba. Mutane su gan ka kana taka ƙasa a rana, su ce ɗanka ya kasa riƙe ka?” Tsohon bai so ya kunyata ɗansa ba, sai ya koma kujerarsa. Yana shan magani, ƙafar kuwa tana ƙara mutuwa, har takalmi yakan zame masa bai sani ba.

Wata rana kewar lambu ta kama shi, ya roƙi Habila ya kai shi ya gani. Da suka isa suka tarar ma'aikatan sun tayar da injin ban ruwa sun tafi cin abinci. Babbar hanyar ruwa ta cika maƙil, tana ambaliya, tana cinye gefenta. Amma bakin kowane fangali, wato ɗan filin da aka kewaye aka shuka albasa a ciki, a toshe yake da laka. Albasar ta yi yaushi ta kwanta.

Habila ya ce, “Bari in kashe injin, ruwan ya yi yawa.”

Tsohon ya ce, “Rage shi dai. Amma ko ka rage, albasar nan ba ta sha ba tukuna.”

Ya sauko daga babur, ya ɗauki fartanyar da aka yar, ya sare lakar bakin fangali na farko. Ruwa ya kwarara ciki. Ya matsa ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Kafin ya kai ƙarshen layi, ambaliyar ta tsaya, ruwan hanya ya sauka. Ya tsaya yana haki, gumi na zuba, yana kallon ƙafarsa cikin laka. Sai ya ce, “Habila, lambun nan ni ne. Abin da malamar nan ta faɗa ke nan, ni da na yi shekaru ina ban ruwa ban gane ba. Ka tafi da babur ɗinka, da ƙafa zan koma gida.”

Habila ya ce, “Baba, me mutane za su ce?”

Tsohon ya ce, “Ranar da za a yanke ƙafar, waninsu zai ara mini tasa?”

Idon Habila ya cika da ƙwalla. Bai hau babur ɗin ba. Ya tura shi a gefen mahaifinsa har gida, gari na kallo. Daga ranar, in an ci abincin yamma, sai a ga su biyu sun nufi rafi suna hira. Ciwon bai rabu da tsohon ba, bai kuma daina shan magani ba. Amma da aka sake gwada jininsa, sukarin ya sauka sosai, ƙafarsa kuwa ta zauna a jikinsa har iyakar ransa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ruwan nan shi ne abincin da Allah yake ba mu. Hanyar ruwa ita ce jini, fangali kuwa naman jikinmu ne, motsi shi ne fartanyar da take buɗe bakinsa. Allah bai yi jikin nan don jingina ba. Mai ciwon sukari ya sha maganinsa, ya kula da cinsa, ya bi shawarar asibiti, ya kuma tashi ya taka. Wanda bai kamu ba, kada ya jira sai ya kamu.

Haka yake kuma ga ruhu. Waɗansunmu kowace Lahadi muna cika da Maganar Allah, mun san waƙoƙi, mun san ayoyi, amma ba mu taɓa buɗe mata hanya ta shiga aikin hannunmu ba. Mara lafiya yana maƙwabtaka da mu ba mu gaishe shi ba, wanda ya yi mana laifi ba mu gafarta masa ba. Maganar da aka tara ba a yi aiki da ita ba, girman kai take zama, ta cinye mai ita.

Ku kuma 'ya'ya, an umarce mu mu girmama iyayenmu, ban kuwa ce ku fasa ba. Habila ba mugu ba ne, ƙauna ce ta sa ya sayi kujerar nan. Sai dai ya fi jin tsoron bakin mutane fiye da ciwon mahaifinsa, saura kaɗan ƙaunarsa ta gurgunta tsohon. Yau in an gama cin abinci a gidanku, kada ka gyara wa babanka matashi. Miƙa masa takalminsa, ka sa naka, ku fita tare.