Lambun Alhaji Illa a kan Burtali

Akwai wani mutumin Tawa, Alhaji Illa, da ya daɗe yana kasuwanci a Abijan. Jikokina, ku karanta a natse.

Da ya dawo, ya gina katafaren gida a bakin wani tabki wajen Barmu. Ya ce lambu yake so irin na gidajen bakin teku da ya gani can. Aka zubo farin yashi, aka dasa kwakwa, aka shimfiɗa ciyawa shar har gaɓar ruwa, aka zagaye da waya.

Wayar nan kuwa ta tare burtalin da shanu ke bi su sha ruwa tun zamanin kakanni.

Wani makiyayi, Rissa, ya zo ya yi sallama.

"Alhaji, ka bar muna ko 'yar hanya. Rijiyoyi sun ƙafe."

"In bar kashin shanu cikin lambuna? Ku zagaya."

"Da nisa, Alhaji. In suka shaƙi ƙanshin ruwa, wallahi ba ni iya riƙe su."

Alhaji ya yi dariya. "To ka koya musu ladabi."

Bazara ta tsananta. Wata rana da azahar Alhaji na shan shayi a inuwa, 'yarsa Lailatu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, tana wasa can cikin farin yashi. Sai ya ji ƙasa na rawa.

Shanu ne. Ƙishi ya haukata su, ga ruwa, ga ɗanyar ciyawa. Waya ta kwanta kamar zare. Lailatu na tsakiyar hanyarsu da ɗan ƙoƙonta a hannu.

Alhaji ya zabura, amma tana can nesa da shi.

Sai ga Rissa a guje cikin ƙahonni. Ya faɗa kan yarinyar, ya rufe ta da jikinsa. Ƙura ta haɗiye su.

Da shanu suka wuce, wuri ya yi tsit. Alhaji da rarrafe ya isa. Rissa na kife, riga duk jini, kafaɗa a karye.

Da ƙyar ya ce, "Alhaji, duba ta. Tana lumfashi?"

Yarinya ta tofar da yashi, ta tsala ihu. Alhaji ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka.

Shi ya kai Rissa asibiti a Tawa. Da ya dawo, da hannunsa ya tumɓuke wayar. Yau burtali ya raba lambun gida biyu. Rissa kuwa hannunsa na dama bai ƙara ɗaga sanda ba.

Darasi: Kada kwalliyar gidanka ta tare wa bayin Allah hanyar ruwa. Wanda ka kora a ƙofa, wata rana shi zai kwanta kan 'yarka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu gini.