Abin da Ya Raba Labbo da Gulbi

Akwai wani mai fito a Argungu, sunansa Labbo. Zancen ya daɗe, tun muna cikin Jihar Sakkwato, ba a ma fara maganar yanke mana Kabi ba. Ku karanta a hankali, jikokina, don wanga labari ba na dariya ba ne.

Aikin Labbo shi ne ƙetarar da mutane gulbi a jirgi. Manoman shinkafa da safe, mata masu nono da albasa ranar kasuwa, wani lokaci har da awaki. Shi da wansa Hammadu suka gaji mashigin daga ubansu Ummaru, kuma Hammadu ne babban masu fiton wurin. Abin da ya ce, shi ake yi.

Tun yana ƙarami Labbo yana da wani abu a jikinsa. Kafaɗarsa ta dama takan fisga da kanta, ya ƙifta ido da ƙarfi, sai wani ɗan sauti ya fito masa daga maƙogwaro kamar mai shaƙuwa. Ba ya iya hanawa. In ya danne, abin ya taru ya fito fiye da da.

Mutane sun saba. Matan kasuwa har tsokanarsa suke, su ce Labbo yau kuma wa kake ƙifta wa ido. Shi kuma ya ce wadda ta fi kowa nauyi, ta daure ta matsa tsakiya. Hannunsa a kan gorar tuƙin jirgi kuwa bai taɓa kuskure ba.

Amma akwai abin da ba wanda ya sani.

Duk sanda jirgi ya kai tsakiyar ruwa, sai wani tunani ya faɗo masa: taka gefen nan da ƙarfi, ka kifar da su. Ba murya yake ji ba. Tunani ne kawai, amma da hoto. Ya ga mata cikin ruwa, ya ga goyo yana nutsewa. Sai gumi ya keto masa, ya yi ta a'uziyya har su kai gaci. In ya kore shi, ya dawo. In ya ƙara korarsa, ya dawo da ƙarfi.

Shekara shida bawan Allah yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Ya ɗauka shi mugun mutum ne da Allah bai tona ba tukuna.

Da abin ya yi tsanani, sai ya fara ƙin ɗaukar mata masu goyo. Ya ce su jira jirgin Hammadu. Mace ta tsaya cikin rana da jariri, ga jirgi da wuri, mai jirgi ya kau da kai. Aka fara gunaguni. Kafaɗar ma ta ƙara fisga, don ita in hankali ya tashi ta fi tashi.

Matarsa Ma'u ta ga tuwo yana dawowa yadda ta kai shi. Ta tsare shi wata rana bayan la'asar, ta ce ba za ta tashi ba sai ya gaya mata. Ya gaya mata, yana kallon ƙasa. Ya ce in tana son takardarta ba zai ga laifinta ba.

Ma'u ta ce, "Wanda ka son kashe mutane ba ya rama don tsoron kashe su, Malam. Ci tuwonka."

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti, Sista Kezia, mutuniyar Filato ce da ke zaune a Badariya cikin Birnin Kebbi. Takan zo Argungu aikin rigakafi, kuma jirgin Labbo take shiga in za ta ƙauyukan ƙetare. Ma'u ta tare ta a bakin gulbi ta faɗa mata komai.

Sista Kezia ba ta razana ba. Ta ce ciwo ne sananne, ta ga masu shi, har da wata da tunaninta kullum shi ne za ta yar da ɗanta a rijiya, kuma ba ta taɓa yi ba. Ta ce akwai likitan ƙwaƙwalwa da ke zuwa asibitinsu na Birnin Kebbi daga Sakkwato sau ɗaya a wata, a kawo mata Labbo ranar Talata ta sama, ita za ta shigar da shi da kanta.

Da sun tafi ranar nan, da labarina ya ƙare a nan.

To amma a mashigin nan mai fito ba ya ajiye gora ko na yini ɗaya sai da izinin babba, kuma sai ya faɗi dalili. Ma'u ta ce masa ya ce wa Hammadu ciwon ciki ne. Labbo ya ce bai taɓa yi wa wansa ƙarya ba, ba zai fara ba. Ya je ya same shi yana toshe wata ɓula a jirgi, ya durƙusa, ya gaya masa gaskiya duka.

Hammadu ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ku gane, mutanen ruwa na wancan lokaci suna da abin da suka riƙe. In ruwa ya fara yi wa mutum magana, to 'yan ruwa sun kama shi, kuma ta hannunsa za su karɓi rai. Hammadu ya haɗa fisgar kafaɗa da wannan tunani, ya ce ashe tun yana yaro suka yi masa alama. Labbo ya ce ba ruwa ke magana ba, cikin kansa ne, kuma asibiti yake neman izinin zuwa.

Hammadu ya ce, "A rubuta sunan gidanmu a katin mahaukata? Gobe duk Argungu ta ji ɗan gidan Ummaru Mai Fito shina son kifar da jirgi, wa zai sake shigar mana? Ni na san inda za a kai ka."

Ma'u ta je ta roƙe shi har da hawaye. Ya ce mata maganar ruwa ba ta mata ba ce, balle ta wata Sista da ba ta san gabas ɗin gulbi ba.

Bayan kwana uku ya ce Labbo ya raka shi wani ƙauye ganin itacen jirgi. Suka tafi da hantsi. Hammadu ya dawo shi kaɗai, ya ce wa mutane ƙanensa ya tafi fatauci Yawuri. Ma'u kuma ya ce mata magani ake yi masa, kada ta kuskura ta buɗe baki, kuma mai maganin ya hana mace zuwa.

Gidan wani mai maganin iska ne. Aka sa wa Labbo mari a ƙafa, wato ƙarfen nan da ake ɗaure mutum da shi, aka haɗa da gungumen icce. Kullum hayaƙi, kullum jiƙo. In kafaɗarsa ta fisga, a ce ga su nan sun motsa, a sa bulala. Shi kuwa in an doke shi sai ta ƙara fisga. Sai a ƙara.

Ina rubuta wannan zuciyata tana tafasa. Mutumin da ya je da ƙafarsa ya ce a taimake shi.

Wata huɗu Ma'u tana jira. Ruwa ya cika ya fara janyewa, aka yanke shinkafa. Duk sanda ta tambaya, Hammadu ya ce da sauƙi. Ita ma tana da nata laifin, ta yi shiru ya yi yawa, kuma har ta mutu tana faɗin haka.

Ranar da haƙurinta ya ƙare, ta bi masu kai gero kasuwar ƙauyen da aka ce sun je ganin itacen jirgi, ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan. Ta kutsa ba sallama. Wari ne ya fara tarbarta. Ƙarfen ya ci idon sawun Labbo, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har ƙauri, ƙuda sun rufe ta.

Labbo ya ɗago ya gane ta. Abin da ya fara tambaya shi ne ko wani ya nutse a mashigi bayansa.

Ma'u ba ta koma Argungu ba. Ta shiga mota sai Birnin Kebbi, ta nemi gidan Sista Kezia a Badariya. Sista Kezia ta saurare ta a tsaye, ta ɗauki gyalenta, ta sa mijinta ya tayar da a-kori-kurar da yake dakon albasa da ita. Mai maganin bai yi musu ba. Shi ma ya ga alamar mutum zai mutu masa a gida, da hannunsa ya kwance ƙarfen.

A asibiti suka yi iya ƙoƙarinsu. Ƙafar ta riga ta tafi. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa don a ceci sauran.

Yana kwance a gadon nan likitan Sakkwato ya zo zagayensa na wata. Ya ja kujera ya zauna, ya ce Labbo ya ba shi labari tun daga farko. Da ya gama, likita ya tambaye shi shekara nawa tunanin yana zuwa. Labbo ya ce shida. Likita ya ce a shekara shidan nan sau nawa yake ƙetara gulbi a yini. Ya ce wani lokaci ashirin. Likita ya ce to mutum nawa ya kifar.

Labbo ya ce, "Ko akuya ban taɓa jiƙawa ba, likita."

Likita ya ce to ya riƙe wannan. Ya ce kowane ɗan Adam mugun tunani yakan gilma masa ya wuce, amma mai wannan ciwo nasa maƙalewa yake, kuma abin da mutum ya fi ƙi shi yake maƙalewa. Ya ce fisgar kafaɗar ma ta jijiya ce, sau da yawa tare suke zuwa, ba aljani ba alama. Ya ba shi magani, ya koya masa in tunanin ya zo kada ya yi kokawa da shi, ya bar shi ya zo ya wuce, ya ci gaba da abin da yake yi. Ya ce addu'arsa kuma kada ya bari.

Ba rana ɗaya aka yi ba. Wata da watanni yana zuwa ganin likita da sanda, Ma'u tana riƙe da katinsa. Tunanin ya yi sauƙi, har yakan yi mako bai zo ba. Kafaɗar ba ta daina ba, amma ta lafa.

Zancen da Hammadu ya ɓoye kuwa, masu dakon albasa suka kai shi Argungu kafin ma a sallami Labbo. Ba wanda ya ce gidan Ummaru sun haifi mahaukaci. Abin da aka ce shi ne Hammadu ya ɗaure ƙanensa har ƙafa ta ruɓe, ya zo yana cewa fatauci. Sauran masu fito suka daina neman izininsa. In ya yi magana a mashigi, kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

Labbo bai koma Argungu da zama ba. Ya sami rumfa a unguwar Nasarawa cikin Birnin Kebbi yana sayar da busasshen kifi, daga zaune.

A nan Hammadu ya same shi wata Juma'a, wan nasa ya tsufa a shekara ɗaya. Ya tsuguna a gaban ƙanensa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce shi don ya kare gida ya yi. Ya ce ya sa an sassaƙa sabon jirgi, na Labbo ne, mutane suna tambayarsa, ya taho ya karɓi wurinsa.

Labbo bai yi faɗa ba. Ya ce ya yafe, don shi ma yana son Allah ya yafe masa. Ya ce kansa kuwa lafiya lau, yau da za a sa shi tsakiyar gulbi da masu goyo goma ba zai ji tsoro ba. Sannan ya janye zanen da ya rufe cinyarsa da shi.

Ya ce, "Amma fito a tsaye aka yin shi, Yaya. Da mi zan tsaya?"

Hammadu ya kalli dungun ƙafar. Ya tashi ya nufi tasha.

Darasi: Tunanin da ke faɗo wa mutum yana tsoratar da shi ba niyyarsa ba ce, kuma jikin da ke motsi da kansa ba hauka ba ne. Ciwo ne, yana da likita. In naka ya cire kunya ya gaya maka abin da ke kansa, kada ka fara tunanin me mutane za su ce, ka raka shi asibiti tun da wuri, ka haɗa masa da addu'a. Ke kuma ko kai da kake ɗauke da irin wannan a ɓoye, ba mugu ba ne kai, ka je a duba ka. Ku tura wa 'yan uwa wannan, jikokina, don har yau akwai gidajen da ke da wani a ɗaure a ɗakin baya.