Fil Ɗin da Ya Maƙale a Tabarma

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da in babur ya wuce ana gane na wane ne daga ƙararsa. Sunansa Hambali. Bakanike ne, amma ba shi da gareji a bakin titi, zauren gidansa shi ne garejinsa. Na hango wasu iyayena can baya sun fara murmushi, wai me ya haɗa 'yar makaranta da zancen babur. Zan faɗa, kuma za ku ji. Ku saurara.

Hambali yana da wata al'ada a aikinsa. In zai kwance babur, sai ya shimfiɗa wata tsohuwar tabarmar kaba a tsakar zaure. Duk abin da ya cire, komai ƙanƙantarsa, ya jera shi a kanta daga dama zuwa hagu, bi da bi. In ya zo mayarwa sai ya faro daga hagu. Ran da tabarma ta zama wayam, ran nan aiki ya ƙare. Yakan ce shi bai yarda da ƙwaƙwalwarsa ba, da tabarmarsa ya yarda. Nasa babur ɗin kuwa yana lungun zaure a kwance, ba taya ba tanki, kullum sai ya ce bana zai tashe shi. Matarsa Lantana ta raɗa masa suna Marigayi, in tana shara takan ce a ɗan matsar mata da Marigayi ta wuce.

Wata rana wani saurayi mai suna Ilu ya turo masa babur ɗin da ya gada wurin mahaifinsa. Babur ne da ya shekara da shekaru jingine a bayan rumbu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa, zanzaro ya yi gida a salansa. Ilu ya ce so yake a tashe shi saboda mahaifiyarsa, Iya Kuluwa. Ƙafa ta gaza mata, ga yayanta can garinsu bayan duwatsu yana kwance ba lafiya, tana so ta gan shi tun yana gane mutane. Ruwa ya cinye hanya, mota ta daina zuwa.

Hambali ya karɓa. Ya wanke tanki, ya jiƙa kafireto a fetur, ya kankare tsatsa, ya jiƙa sarƙa da baƙin mai har ta yi laushi. A hankali tabarma tana raguwa, har ya zama saura tayar gaba kaɗai.

To, ku saurara nan. Yana cikin haɗa tayar nan aka yi rasuwa a maƙwabta. Ya ajiye sifana ya ɗauki fartanya ya bi masu haƙar kabari. Kun san al'adarmu, in an yi rasuwa gida gida ake bi ana karɓar tabarmi don zaman makoki. Aka yi sallama a ƙofar Hambali. Lantana ta juye 'yan ƙarafan da suka rage a cikin tasa, ta naɗe tabarmar ta bayar. Da ya dawo ta gaya masa. Ya ce ba komai, lada ta samu. Ya ɗauki abin da ke cikin tasa ya mayar ɗaya bayan ɗaya, zuciyarsa na wurin maƙwabcin da suka binne. Tasa ta zama wayam. Ya buga kik, babur ya tashi, ya zaga unguwa da shi, ya miƙa wa Ilu.

Ran da aka tashi daga zaman makoki, ran nan Ilu ya ɗauki Iya Kuluwa suka kama hanya da sassafe. Da hantsi aka dawo da tabarmi. Lantana ta tsaya a ƙofar zaure ta kakkaɓe tasu, sai wani abu ya faɗo ya yi ƙara a kan dakali. Ɗan fil ne mai ƙafa biyu, bai kai tsinken sakace ba. Ya maƙale a saƙar kaba ya tafi makoki ya dawo.

Hambali ya ɗauka ya duba. Wannan fil shi ake sokawa a jikin notin da ke riƙe tayar gaba, a lanƙwasa ƙafafunsa, don kada notin ya warware. In babu shi, duk ramin da aka faɗa notin yana juyawa kaɗan kaɗan, ba ƙara, ba alama, har ran da taya za ta bar babur. Hanyar kuwa gargada ce tun daga bakin gari. Bayan kasuwar da ke tsakiyar hanya akwai wani gangare mai duwatsu da ke sauka har cikin rafi.

Ya kalli Marigayi a lungu, ya fita a guje wurin abokinsa Jatau mai faci, ya roƙi aron keke. Jatau ya ji labari ya yi dariya. Ya ce babura nawa ke yawo a garin nan da ƙusa ko waya a madadin fil, wasu ma babu komai. Ya ce ai ya san hannun Hambali, in ya ɗaure noti sai an sa ƙato biyu kafin ya kwance. Ya ce kuma wa ya gani? Daga Hambali sai Lantana sai tabarma, tabarma kuwa ba ta magana.

“In ma wani abu ya faru, ƙaddara ce,” in ji Jatau.

“Da fil ɗin yana cikin tabarma ƙaddara ce,” in ji Hambali. “Yanzu yana tafin hannuna.”

Ku riƙe wannan magana, zan dawo kanta.

Ya ƙulle fil ɗin a bakin rigarsa, ya sa sifana da filaya a aljihu, ya hau keken Jatau. Keken mai faci kuwa, kun san yadda yake, faci a kan faci. Bai yi nisa ba tayar baya ta sace. Ya sauka. Ba zai yar da keken mutane a daji ba, sai ya kama tura shi yana sassarfa. Rana ta take. Silifas ɗinsa ɗaya ya tsinke, ya cire ɗayan ya rataya a kan keke, ya taka ƙasa da ƙafa.

Iyayena, ba zafin ƙasa ne ya dame shi ba. Idonsa na kan sawun tayar babur a cikin yashi. Duk inda sawun ya karkace, sai ya leƙa gefen hanya. Duk kwanar da zai sha, sai ya runtse ido kafin ya buɗe. A wani wuri ya hango takalmin mace guda ɗaya a gefen hanya, ya tsaya, ya kasa matsawa, sai da ya ga tsoho ne da rana ta riga ta busar. A wani wuri ya hango mutane sun yi cincirindo a tsakiyar hanya, ya fara salati da ƙarfi. Da ya iso, jaki ne ya kayar da buhun gero ana tsincewa. Ya tambaye su ko sun ga saurayi da tsohuwa a babur. Suka ce sun wuce tun ɗazu, tsohuwar har tana ɗaga musu hannu. Bai san ko ya yi murna ko ya yi kuka ba. Ba abin da bakinsa ke maimaitawa sai, ya Allah ka tsayar da su a kasuwa.

Allah ya tsayar da su. Iya Kuluwa ta ce ba za ta shiga gidan yayanta hannu rabbana ba, sai ta sayi goro da man shanu, kuma tsohuwa ba ta ciniki da gaggawa. Hambali ya iso bakin kasuwa ya hango babur a gindin wata tsamiya, mutane sun kewaye shi. Ilu yana ba su labarin yadda bakaniken garinsu ya tashe shi daga bayan rumbu, wasu har suna tambayar kwatancen gidan. An riga an ɗora Iya Kuluwa a baya, ƙafar Ilu tana kan kik.

Ilu ya gan shi ya washe baki, ya ce wa jama'a ai ga ma mutumin nan da kansa. Hambali ya matso, numfashi na sarƙe shi, ya ce a bari ya ɗan duba tayar gaba. Ilu ya ce haba Baba, aikinka ai ba ya son dubawa, ga hadari na haɗuwa, so suke su tsallake rafi kafin ruwa ya sauko. Ya ɗaga ƙafa zai buga.

Ga ƙofar kunya a buɗe, ga gangare a gaba. Hambali ya riƙe kan babur da hannu biyu.

“Ilu, sauke Iya. Ban gama aikin nan ba. Na ba ka babur da saura.”

Ya kwance bakin rigarsa ya nuna fil ɗin. Ya durƙusa ya sa yatsa biyu a kan notin, ba sifana, ba komai. Notin ya juya kamar murfin kwalba.

Fuskar Ilu ta sauya. Ya ce uwarsa ya ɗauko a kan wannan abu, uwarsa. Ya kira Hambali macuci, ya kira shi abin da ba zan maimaita a wannan majalisi ba. Masu tambayar kwatance suka fara dariya. Hambali yana durƙushe yana ɗaure noti, ya soka fil, ya lanƙwasa ƙafafunsa da filaya. Bai ambaci rasuwa ba. Bai ambaci tabarma ba. Bai ambaci Lantana ba. Haƙuri kawai yake bayarwa.

Iya Kuluwa, da aka sauke ta a kan benci, ba notin take kallo ba, tafin ƙafarsa take kallo, yadda ya yi bororo ya fashe.

“Ilu, rufe mini baki ka samo masa ruwa,” in ji ta. “Mai mantuwa yana gida a kwance. Wannan wanda ya tuna ne.”

Suka gangara rafi lafiya. Iya Kuluwa ta tarar da yayanta da rai, ya gane ta, suka gana.

Yanzu kuna jira in ce daga nan Hambali ya yi arziki, babura suka cika masa zaure. Ba zan faɗa ba, don ba haka aka yi ba. Kafin ya turo keken Jatau gida, labari ya riga shi. Aka sa masa suna Saura Ɗaya. Masu babura suka koma wani wuri, wurin waɗanda ba su taɓa bin kowa da fil ba, ko da sun tsince shi. Ya koma gyaran kekuna da injin markaɗe. Lantana ta yi kuka ta ce za ta fita ta gaya wa duniya ita ta naɗe tabarmar. Ya hana ta. Ya ce ita gawa ta girmama, shi ne ya ɗaure taya bai nemi fil ba, don haka laifin nasa ne. In an kira shi Saura Ɗaya a hanya, sai ya juyo ya ce na'am. Haka ya amsa har ya tsufa, kansa a ɗage. Marigayi kuwa bai taɓa tashi ba.

To, iyayena, yayyena, ƙannena, ga abin da nake nufi. Mantuwa ba ta sa mutum ya zama maci amana, kowa ɗan tara ne. Abin da ke mayar da shi maci amana shi ne shirun da ya yi bayan ya tuna. Ke mai abincin sayarwa da kika shinshina mai kika ji ya juya, ke mai ɗinki da kika yanka yadin mutane ba daidai ba kika ɓoye a cikin kalmasa, ke ma'aikaciyar jinya da kika gane kin ba da maganin da ba shi ba bayan mara lafiya ya fita, dukanku fil ne a tafin hannunku. Kada wata ta zauna ta ce ƙaddara. Ki tashi ki bi shi, ko da ƙafa ne, ko da a tsakiyar kasuwa za ki same shi. Za a yi miki dariya, za a sa miki suna, ƙila ma ciniki ya gudu. Ki amsa sunan. Wadda ta amsa shi a nan duniya, ba za a kira ta da wanda ya fi shi muni ba ranar da tabarma za ta yi magana.

Allah ya ba mu ikon tashi tun kafin a kai gangare.