Mai Wankin Janar

Alhaji Jalaluddeen mutum ne mai baki. In ya yi magana, ko wanda ya zo da niyyar musu sai ya koma gida yana gyaɗa kai. Aibinsa guda ne, amma babba: ba ya iya yin abu a duniya ya haƙura ba a yabe shi a kai ba, ko da abin na kunya ne.

Kafin ya dawo Sakkwato ya fito takarar majalisar tarayya, ya yi shekaru yana yi wa wani Janar aiki a wata ƙasa ta Afirka. Janar ɗin da bindiga ya hau mulki, da ita kuma ya zauna. Aikin Jalaluddeen kamun ƙafa ne. Ya sa kwat, ya hau jirgi, ya bi ofisoshin manyan ƙasashe yana rantsuwa cewa Janar mutumin kirki ne, ba wanda ake tsarewa, ba wanda ake kashewa, don kada a yanke masa tallafi. Ya kuwa iya aikin. Da aka kifar da Janar, sai ya tattaro ya dawo gida, ya ce wa kowa cinikin takin zamani yake yi a waje.

Ana fara yaƙin neman zaɓe zancen aikinsa wajen Janar ya soma fita. Wani ɗan jarida ya tambaye shi a rediyo, ya yi dariya ya ce sharrin 'yan adawa ne. Amma akwai mutum guda da dariya ba ta isar masa amsa, wato Alhaji Maigandi, dattijon 'yan tufafi na Ƙofar Atiku, wanda in ya nuna ɗan takara duk kasuwa can take bi. Ɗansa Saifullahi ya tafi sarin shadda waccan ƙasa a shekarar da sojojin Janar suka kwashe baƙin 'yan kasuwa. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba, har yau ba a yi zaman makoki ba.

Maigandi ya kira shi zaurensa, ya dube shi ido cikin ido.

"Ɗana, magana ɗai nika tambayarka. Ka yi ma mutumen nan aiki?"

"Baba, wallahi ko ƙofar gidanai ban taɓa takawa ba."

"To, na yarda da kai. Ranar taro ni ka ɗaga hannunka gaban jama'a."

Jalaluddeen ya fito yana murna, amma wani abu na cin sa a rai. Shi da ya zauna da ministoci, yau a garinsu ana kiransa mai taki!

Ana gab da taron, Dodo mawaƙi ya zo gidansa, kamar yadda aka saba, don a ba shi asali da ayyukan da zai ɗora waƙa a kansu. Ya saurari labarin taki har ya gaji, sannan ya taɓe baki.

"Ranka shi daɗe, taki ba shi ɗaukar kiɗi. Abokin karawarka ubanai ya yi sarauta. Kai ina ka taɓa shiga wanda wani bai shiga ba?"

Maganar ta soki Jalaluddeen inda yake da ciwo. Ya gyara zama, ya ce shi da ake gani, shugaban ƙasa guda ba ya karya kumallo sai ya iso. Ya ba da labarin jirgin fada, da yadda ya zagaya da Turawa cikin gidan yarin Janar suka fito suna yabo. Baki ya yi daɗi, bai bar komai ba. A ƙarshe ya ce, "Wanga tsakaninmu na."

Dodo ya ce, "Sosai," idanunsa na ƙyalli.

Bayan ya fita, Wasila matar Jalaluddeen ta ɗaga labule. Duk ta ji, kuma tsoro ya kama ta.

"Alhaji, maroƙi ka ba ajiyar asiri? Shi abin da yaj ji na girma, waƙa ta. Ka aika a kirawo shi."

"Na ce mai shi yi shiru. Ke dai ki bar min siyasa."

Ranar taro, bayan la'asar, Unguwar Rogo ta cika maƙil. Maigandi ya hau dandamali da sandarsa, ya kama hannun Jalaluddeen ya ɗaga, ya shaida wa jama'a cewa shi ya tambaya, an kuma rantse masa. Aka yi tafi. Sai kalangu ya ɗauka. Dodo ya fara da taki, jama'a ba su motsa ba. Mawaƙi kuwa ba ya jure taro mai sanyi. Ya share zufa, ya ɗaga murya:

"Na hannun daman Janar, mai shiga ba sallama!
Kai ka wanke shi gaban Turawa, sunka ce fari na.
Kai ka buɗe kurkuku, kac ce babu kowa, anka yarda!"

Abin da ya kashe Jalaluddeen ba waƙar ba ce. Da ya ɓata fuska, da an ce ƙaryar maroƙa ce. Amma shekara da shekaru yana ƙishin jin wannan kirari, kafin hankalinsa ya iso, jikinsa ya riga ya amsa. Ya yi murmushi har kunne, ya ɗaga dunƙulen hannu yana jinjina, kowa na kallo.

Makaɗa suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin ya ji hannun dattijon ya zame daga nasa.

Maigandi bai zage shi ba. Ya matso, lasifika na kai muryarsa har bakin titi.

"Tunda ka shiga wurin, ka ga Saifullahi? Dogo na, baƙi, shina ɗan ɗingishi. In ya mutu, hwaɗa min, in yi mai addu'ar matattu."

Jalaluddeen ya buɗe baki. Ya tuna safiyar da zai kai Turawan gidan yarin, yadda aka loda fursunoni a manyan motoci rufaffu aka fitar da su ta baya. Daga cikin wata mota ya ji ana kiran sunan Allah da Sakkwatanci. Bai waiwaya ba. Yau ma sai ya juya ya sauka daga dandamalin, ya bar dattijon a tsaye.

Jam'iyya ta canza ɗan takara, mutane suka daina zuwa gidansa. Mutum ɗaya ne bai daina ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Maigandi yakan zo ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gidan, ya aika a ce wa Alhaji yana jiran amsa. Jalaluddeen na ciki a bayan taga yana kallonsa, ba shi da amsar, ba ya kuma iya fita.

Darasi a nan shi ne, wanda ya sayar da harshensa don ya rufe zaluncin wani ya zama abokin tarayya a zaluncin, ko bai taɓa riƙe bindiga ba. Mutanen da ya ce babu su, suna da iyaye masu jira. Ƙarya kan ɓoye aiki na ɗan lokaci, amma wanda bai yi nadamar laifinsa ba, har yana alfahari da shi a ɓoye, wata rana da kansa zai amsa shi a bainar jama'a. Mai neman shugabanci ya fara tsayawa gaban waɗanda ya cuta ya faɗi gaskiya, tun kafin ya nemi ƙuri'arsu.