Ungulu a Saman Gonar Dawa

An yi wani sarki mai suna Mainasara, a ƙasar da al'ada ta hana hukuncin sarki ya wuce azahar ba a zartar ba, sai fa in ya aika da zobensa. Wata safiya da kaka aka gurfanar da Malam Ishaƙa, masanin taurari, bisa zargin yana koyar da cewa farar hanyar nan da ke ratsa sama gari ne guda na taurari, muna cikinsa, kuma a bayansa akwai waɗansu garuruwan.

Sarki ya ce, "Wanda bai taɓa fita gari ba, ta yaya ya san bayan ganuwa? Ko dai ƙarya ce, ko da'awar sanin gaibu, kowacce kuwa hukuncinta kisa. Hauni mai sare kai, ka ji."

Waziri Zubairu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, hujjar malamin nan tana bayan gari. In ka yarda, a bar wa Hauni zobe kafin mu fita."

"Hujja tukuna," in ji sarki. "Kafin azahar mun dawo."

Amma a hanya maroƙa suka tare sarki, shi kuwa mutum ne da bai taɓa iya wuce kirarinsa ba a ƙare ba. Rana ta yi nisa kafin Waziri ya shigar da shi tsakiyar wata gonar dawa wadda ta fi mahayi tsawo.

"Ranka ya daɗe, dubi gabas."

"Kara."

"Yamma fa?"

"Kara ne, Waziri, kamar katanga. Wasa kake da ni?"

"Wane ni. Haka farar hanyar take, tauraro bayan tauraro, duk idon da ya bi tsawon garin sai su toshe shi. Yanzu ɗaga kai, inda karan ba shi da kauri."

Sarki ya ɗaga, ya ga sarari tsakanin zangarniyoyi.

Waziri ya ce, "Ta irin nan malam ya duba, ta gefen da taurarin suka yi ƙaranci, ya hangi ɗan haske kamar tabon toka, wanda ba na garinmu ba."

Sarki ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam ya yi gaskiya. To waɗancan ungulayen fa, me ya tara su ta wajen ƙofar gari?"

Waziri ya dubi inuwarsa, ya ga ta karkata gabas. Azahar ta riga ta wuce.

Sarki ya zare zoben a hankali, ya sa masa a hannu, ya ce, "Daga yau yana wurinka, ka tsayar da kowane hukunci nawa ba sai ka tambaye ni ba."

Waziri ya ce, "Na karɓa, ranka ya daɗe. Sai dai adalcin da ya iso bayan takobi, ta'aziyya ce kawai."

Sarki bai hau doki ba. A ƙasa ya koma gari, ya kwance rawaninsa ya rufe gawar malamin da shi.