Mai Tsere da Tafkin Bayan Gari

A wani gari na kan duwatsu akwai wani mutum mai tsere. Tun yana saurayi ba mai shan gabansa a gudu. In ana gasa, mata sukan bar tukunya a kan wuta su fito bakin hanya don su ga wucewarsa.

Wata safiya yana gudu sai ya ji zafi ya soke shi a agarar ƙafarsa, wato jijiyar bayan diddige. Likita ya duba ya ce masa, "Ta tsage, amma ba ta tsinke ba. Kada ka yi gudu sai damina ta wuce. Ka riƙa zuwa tafki kana iyo. Ruwa zai ɗauke maka nauyin jikinka, ƙarfinka kuwa ba zai ragu ba."

Mutumin ya yi biyayya, amma da baƙin ciki. A tafkin ba mai tafa masa, ba mai kiran sunansa, sai shanun da suke zuwa shan ruwa. Yakan yi iyo daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya fito ya zauna a kan dutse yana jin kamar an binne shi da rai.

Ana nan sai aka sanar da babbar gasa, damina kuwa ba ta ko raba ba. Ya taka ƙafar, ya ji ba zafi.

Matarsa ta ce, "Baban Rahila, zafin ne ya tafi, ciwon yana nan. Ka bar wannan ta wuce."

Ya ce, "In ban fito ba, sunan wani za su koya."

Ya shiga tseren. Yana kan gaba, jama'a suna ta sowa, sai a hawan tudu jijiyar ta tsinke. Ya faɗi, sauran suka wuce shi. A kafaɗa aka kai shi gida, bai kuma ƙara yin gudu ba. Duk ranar gasa yakan ɗauki sandarsa ya shige ɗaki, matarsa ta zauna kusa da shi.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: tseren nan rayuwarmu ce ta bangaskiya. Tafkin kuwa shi ne lokacin da Ubangiji yakan janye mu gefe, ta wurin ciwo ko rashi ko rasa matsayi, inda ba mai ganinmu. Mukan ɗauka ya yashe mu, alhali a nan ne yake ɗauke da nauyinmu yana warkar da mu. Mutumin nan bai ƙi maganin ba. Ya sha, sai dai bai iya jure a manta da shi ba.

Wataƙila a cikinmu yau akwai wanda yake cikin ruwan nan, yana jiyo sowar da ake yi wa wasu. Ɗan'uwa, kuka ba laifi ba ne. Ka yi kukanka, amma ka zauna a inda Ubangiji ya ajiye ka, har shi da kansa ya ce ka fito.