Jar Tukunyar Bahri

A garin Karaman na ƙasar Turkiyya akwai wani mutum mai suna Bahri, wanda ya shekara ashirin da bakwai yana shugaban tashar jirgin ƙasa. Ya ajiye aiki, amma halin aikin bai bar shi ba. In ya ce a ci abinci ƙarfe bakwai, to bakwai ɗin ne, ko da shinkafa ba ta nuna ba. In ka kawo masa shawara, tun kafin ka kai aya zai dubi agogon hannunsa ya ce, "Ka gama?" Shi a ganinsa babu abin da wani ya sani wanda shi bai riga shi sani ba. Matarsa Nuran ta daɗe tana haɗiye magana, har maƙwabta suka ɗauka haka Allah ya yi ta, ba ta da baki.

'Yarsu ɗaya ce tilo, sunanta Sema. Ta daidaita da wani malamin makaranta mai suna Kenan, ɗan mutanen garin Antep da zama ya kawo su Karaman. Shekara biyu suna jiran juna, har aka sa wata Lahadi da iyayensa za su zo neman aurenta. Tun daga ranar da aka sa Sema ba ta tafiya a gida sai da waƙa a bakinta.

Bahri kuwa abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya. An taɓa kawo masa gulma cewa kakar Kenan, Hajiya Zeliha, ta ce abincin Karaman cika ciki kawai yake yi, ba ya tsayawa a harshe. Kowa ya san mutanen Antep da tinƙaho da girkinsu, kowa kuma dariya yake yi ya wuce. Ban da Bahri.

"Za su ci abincin garinsu a gidana," in ji shi, "daga tukunyar garinsu. Sai in ga bakin da tsohuwar nan za ta sake magana da shi."

Nuran ta ce a hankali, "Maigida, ai ranar neman aure gahawa ake sha da alewa. Ba a girki."

"A gidan ubanki ke nan. Shirya jaka, Antep za mu."

Nuran ba ta taɓa zuwa Antep ba, ta kuwa so ta more idonta. Ina! A gidan tarihi ta tsaya gaban hoton wata yarinya da aka yi da ƙananan duwatsu, idanunta na bin mutum duk inda ya matsa. Ba ta gama kallo ba Bahri ya ce minti goma sun cika. Da safe suka shiga shan romon rago, aka kawo shi yana tafasa a kwano, mai shagon ya ce a ɗan jira. Bahri ya kurɓa, harshensa ya ƙone, ya zazzage wa mai shagon masifa. Alewar baklawa da ake ta ba ta labari, mai koriyar gyaɗar Antep a ciki, a tsaye ta ci ta, mijinta na daga bakin ƙofa yana buga ƙafa.

Ranar komawa suka shiga kasuwar maƙeran tagulla. Tun daga bakin layi ƙarar guduma ke cika kunne. Bahri ya tsaya a rumfar wani tsoho da ake kira Rasim Usta, ya nuna wata faffaɗar tukunya mai hannu biyu, ja jawur ciki da waje.

"Wannan nake so. A naɗe."

Tsohon ya ce, "Ka iya zaɓe, ranka ya daɗe. Ado za a yi da ita ko girki?"

"Ka taɓa ganin an sayi tukunya don a kwanta a ciki?"

"To bari a shafe cikinta da kuza tukuna. Mai shafawa na ƙarshen layi. Gobe da hantsi ka zo ka ɗauka."

"Motarmu ƙarfe uku za ta tashi."

"Sai in aika maka. Jibi tana ƙofar gidanka."

Ya ɗauko wata da aka riga aka shafe don ya nuna masa, cikinta fari ƙal. Bahri ya yatsina fuska.

"Wannan? Kamar gwangwanin madara? Ni ja na zo saye, don baƙina su leƙa su ga ja."

"Jan nan shi ke kai mutum asibiti," in ji Usta. "Tagulla ba ta shiri da tsami. Kindirmo, tumatir, lemun tsami, in suka zauna a cikinta sai ta fid da kore, koren nan kuwa dafi ne. Me za a dafa?"

Nuran ce ta amsa, kanta a sunkuye, "Yuvalama, Baba."

Usta ya ajiye guduma. "Miyar da rabinta kindirmo ne? Wallahi ba zan sayar ba."

Nan fa Bahri ya tashi. "Kai tsoho, ni za ka raina wa hankali? Na san irinku. Kai da abokinka mai kuza kun haɗa baki, duk baƙon da ya shigo sai kun yanke shi sau biyu!"

Maƙeran da ke kusa suka dakata da duka. Fuskar Usta ta yi ja kamar kayan rumfarsa.

"Shekara hamsin ina lanƙwasa ƙarfe a layin nan," in ji shi, "ban taɓa gamuwa da mai taurin kanka ba. Fita min daga rumfa! Je ka kashe iyalinka da tukunyar wani, ba da tawa ba."

Bahri ya fice yana huci. Rumfa uku gaba ya ga irinta, ya ce wa mai ita ado zai yi da ita a falo, aka naɗe masa. Da suka zo wucewa, Usta ya yafito Nuran da hannu. "'Yata, ke na ga kina da kunne. Kar ki bari tsami ya taɓa ta." Ta gyaɗa kai, ta bi bayan mijinta da sauri.

Ranar Asabar ita da Sema suka yini suna mulmula nama da garin shinkafa, ƙanana ƙanana kamar ƙwayar wake, har yatsunsu suka sage. Lahadi da safe Nuran ta ɗora miyar a tukunyarta ta kullum. Bahri ya leƙo.

"A ta Antep na ce."

Nuran ta ce, "Ka ji abin da mutumin nan ya ce. Auren Sema ne, maigida. A ajiye ta a falo, kowa ya gani ya yaba."

Ya dube ta, ya dubi agogo, ya fita. Ita ta ɗauka ya haƙura. Ƙarfe goma ta raka Sema gyaran gashi. Fitarsu ke da wuya ya juye miyar kakaf cikin jar tukunya, ya rufe, ya bar ta a kan ƙaramar wuta.

Baƙi ba su iso ba sai wajen ƙarfe biyu: Kenan riƙe da furanni, mahaifinsa Mahir, mahaifiyarsa, da Hajiya Zeliha da sandarta. Nuran za ta shiga madafa Bahri ya tare ƙofa, ya ce ta zauna da baƙi, yau shi zai zuba. Mutumin da bai taɓa riƙe ludayi ba tun aurensu! Ita baiwar Allah har daɗi ta ji, ta ce murna ce ta tausasa shi.

Aka ci. Hajiya Zeliha ta ɗaga ɗan dunƙule ɗaya a cokali ta juya shi. "Wa ya mulmula wannan?"

"Sema ce, Hajiya," in ji Nuran.

"Hannun nan namu ne. Kenan, ashe ba ido kaɗai gare ka ba." Aka yi dariya, Sema ta ruga ciki don kunya. Tsohuwar ta ɗan taɓe baki, ta ce akwai wani ɗaci a ƙarshen harshe, amma don kar ta kunyata masu gida ta shanye kwanonta tas. Nuran da Sema ne kaɗai ba su ci ba, hidima ta hana su.

Da yabon ya isa kunnen Bahri sai ya kasa zama. Ya shiga madafa, ya kinkimo tukunyar, ya dire ta a tsakiyar tebur ya buɗe.

"Ga sirrin, Hajiya. Daga garinku na ɗauko ta da hannuna. Yanzu kuma me za ki ce da abincin Karaman?"

Tsohuwar ta leƙa. Cikin tukunyar ja ne, kuma daidai inda miyar ta tsaya da farko, wani koren zobe ya zagaye ta. Ta miƙe tsaye ko sandar ba ta nema ba.

"Innalillahi! Ba kuza? Tun yaushe take ciki?"

"Tun goma. Don ta tsumu."

"Awa huɗu! Kindirmo! Kenan, ajiye cokalin nan, ɗauko mota! Wane irin jahili ne wannan?"

"Camfi ne kawai," in ji Bahri. "Ai ni ma na ci."

Mahir ya matso. "Malam Bahri, uwata shekararta tamanin. Wanda ya sayar maka bai gaya maka ba?"

Bahri ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba mai dariya. Sai ya ce, "Ba wanda ya gaya min komai. Ni me na sani a girki? Ku tambayi matata, ita ta dafa."

Nuran na riƙe da faranti. Ta ajiye shi a hankali, don kar ta jefe shi da shi.

"Ni?" in ji ta. "Ni, Bahri? Ba a gabana tsohon nan ya rantse ba zai sayar maka ba? Ba ka zage shi a gaban kasuwa ba? Ba ka je gaba ka yi ƙarya ka ce ado za ka yi ba? Yau da safe ban roƙe ka ba, na ce auren Sema ne? Ka jira na juya baya, kamar ɓarawo a gidanka!"

"Nuran, rufe min baki!"

"Na rufe shekara ashirin da biyar, ga abin da ya haifar! Ka zuba wa mutane dafi don a ce ka iya, yanzu kuma ka ɗora min? Wallahi ba ka isa ba!"

Ba ta rufe baki ba mahaifiyar Kenan ta dafe ciki ta nufi bayan gida. Kafin a kai ga mota amai ya kama tsohuwar. Furannin Kenan na nan a kan kujera, gahawar da Sema za ta kawo kuwa ko ɗora ta ba a yi ba, balle a kai ga maganar da ta tara su.

Sauran mutanen kwana ɗaya suka yi a asibiti, har da Bahri, wanda yana kwance ana ƙara masa ruwa yana gaya wa likita naman ne bai da kyau. Hajiya Zeliha kwana biyar ta yi, biyu daga ciki ba a san inda za ta faɗa ba. Nuran ta riƙa zuwa kullum tana zama a bakin ƙofar ɗakin. Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya ce mata sannu.

Mako uku gidan su Kenan shiru. Sema ta rame, ta daina fitowa cin abinci in ubanta na tebur. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taka ya je ba da haƙuri ba. Cewa yake yi in suna son yarinya sun san hanya.

Rannan wayar Nuran ta yi ƙara. Hajiya Zeliha ce, muryarta ta shaƙe amma kaifinta na nan.

"'Yar nan, na ga zamanki a bakin ƙofa. Yarinyarki ba ta da laifi, ke ma haka, jikana kuma ya hana ni sakat. Muna son ta. Amma ni ba zan zauna gaban mutumin nan in roƙe shi komai ba, ko ruwan sha ne. Kina da ɗan'uwa namiji?"

Nuran na da wa, Hikmet, wanzami ne a bakin kasuwa. Bahri bai taɓa kiran sa da sunansa ba, sai dai "mai almakashi". A ɗan falonsa aka sa sabuwar rana.

Da ranar ta zo, Bahri ya fito cikin kwat ɗinsa ta sallah, ya tsaya a bakin ƙofa. "To, ku yi sauri. In ba uba a wurin, wa zai ba da ita?"

Sema ta tsaya gabansa. Idanunta jawur, amma ba ta yi kuka ba.

"Kawu zai bayar. Baba, don Allah kar ka zo. Sau ɗaya ka sa hannu, na kusa rasa komai."

Ya dubi Nuran, yana jiran ta tsawata mata. Nuran ta gyara ɗankwalinta, ta kama hannun 'yarta suka fita. A gidan wanzami aka sha gahawa, aka nemi Sema da izinin Allah, Hikmet ya ce ya ba su. Ubanta kuwa a bakin maƙwabta ya ji cewa an ba da 'yarsa tilo.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, kowane aiki da masu shi. Wanda ya tsufa a sana'a in ya ce maka kul, to ba raina ka ya yi ba, abin da ya gani ne kai ba ka gani ba. Girman kai ba ya tsayawa kan mai shi kaɗai, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su yake fara ƙonawa. In kuma ka yi kuskure, ka amsa naka ne, kar ka nemi wuyan mai haƙuri ka rataya masa, don haƙurin ma yana da iyaka. Kwana ɗaya na jira da kalmar ban haƙuri ɗaya da sun bar Bahri a kujerarsa ta uba. Ya ƙi duka biyun, sai aka ba wani.